Gogen Arewa a dandalin Yamai: wa ke biyan mai kiɗa?



Duk wanda ya kwana a Yamai daren Asabar ya san birnin ba ya barci da wuri. A dandalin Umaru Ganda, a wuraren biki, a fadar samari da ke bakin kowane titi, kiɗa ne ke tashi. Mai kunne, in ya saurara da kyau, zai ji cewa ƙarƙashin jita da injin ƙara murya akwai wani tsohon amo da Ba'are ya sani tun yana goye: amon goge da ƙwarya. Batun wannan lacca shi ne yadda amon ya isa birni, masu shi kuwa suka tsaya a ƙauye hannu wofi.

Goge ba kayan ado ba ne a ƙasar Arewa. Ɓarin duma ne da aka rufe da fatar guza, aka ɗaura masa izgar doki, kuma aikinsa na asali kiran iskoki a wasan bori. Kowane iska da taken da yake amsawa, mai goge kuwa sai ya haddace su duka, abin da ke cin shekaru yana bin maigidansa gari gari a Dallol Mawri. Makaranta ce ba allo ba takarda. Da maigida ya rasu bai bar almajiri ba, taken ya bi shi kabari.

Gwamnati ce ta fara kwasar wannan kiɗa zuwa birni. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, Samariya da bukin matasa na ƙasa sun ɗora makaɗan karkara bisa dandali, aka naɗe muryoyinsu a gidan radiyon ƙasa. An ba su daraja, amma da sharaɗi: a yabi haɗin kai da aikin gayya, a yi shiru a kan saura. A 1987 aka ƙirƙiro gasar Dan Gurmu don kiɗan zamani, daga baya aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. A can ne ƙungiyar Mamar Kassey ta haɗu a 1995, Yakuba Mumuni na busa sarewa, ta kai kayan kiɗan gargajiya har Turai. Tal National, wadda ta biyo baya, ta zuba waƙoƙin ƙauye cikin jita ta zagaya Amurka da su. Babu mai hankalin da zai yi musu hassada.

Taron ƙasa na 1991 ya kwance bakin kowa, har da mawaƙa. Gidajen radiyo masu zaman kansu, irin su R&M da Anfani, sun buɗe tun daga 1994, samarin fada suka shiga waƙar rap da Hausa da Zabarmanci, ƙungiyoyi kamar Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney suna faɗa wa mahukunta abin da iyayensu ba su taɓa iya faɗi ba. Jam'iyyu kuma suka gaji Samariya wajen hayar maroƙa, sai dai hayar ta watan kamfe ce kawai. Kashegarin zaɓe, ɗan takara ya manta sunan wanda ya yi masa kirari.

A daidai waɗannan shekaru ne ƙasa ta tsuke wa mai goge a gida. Wa'azi ya yi ƙarfi a Dogon Dutsi da kewaye, musamman bayan zuwan Izala, wasan bori ya ja baya daga tsakar gari, ɗan mai goge ya fara jin kunyar sana'ar ubansa. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta zauna a Dogon Dutsi ta rubuta littafi guda a kan haka a 2001, da Turancin Ingilishi, harshen da waɗanda aka yi littafin a kansu ba su ji. Hakan ba sabon abu ba ne ga Arawa. Sarauniyar Lugu ta tari sojan Voulet da Chanoine a 1899, Abdullahi Mamani ya mai da labarin littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi.

Doka ba ta yi shiru ba, a kan takarda. Tun 1993 Nijar ke da dokar kare haƙƙin mawallafa wadda ta ambaci al'adun gargajiya da sunansu, an kuma sabunta ta a 2010. Amma ofishin da ke tattara kuɗin, wato BNDA, yana Yamai, takardunsa da Faransanci suke, kuma tsohon da ke Gesheme ba ya tunanin taken da ya gada dukiya ce da ake rajista.

Tun 2011 Tibiri ke cin gashin kanta, da garuruwa huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Aikin da ke gaban hukumominsu ba ya bukatar tallafin wata ƙasa. A ƙidaya masu goge da masu ƙwarya da suka rage, a naɗi kiɗansu da yardarsu, a rubuta sunan kowa da na maigidansa, sannan a kai kundin ofishin haƙƙin mawallafa kafin wani ya riga su. Wayar hannun da samari ke jin rap da ita a fada ta isa ta yi naɗin.