Linzamin Gado a Bairos ɗin Papiloma

Cikin shekarar 1933 wani masani a Amurka, Richard Shope, ya binciki zomayen daji masu fitar da tsiro kamar ƙaho a ka da fuska, ya tabbatar da cewa bairos ne ke haddasa shi. Wannan bairos na cikin dangin da ake kira papiloma. A yau an san iri fiye da 200 masu kama ɗan Adam, ban da na shanu da dawakai da tsuntsaye da kifi. Galibinsu tsiro kurum suke sawa a fata, ya yi kwanakinsa ya faɗi. Kaɗan kuwa su ke kawo sankarar bakin mahaifa. Iri na 16 da na 18, waɗanda Harald zur Hausen da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1983 da 1984, su ke da alhakin kimanin kashi 70 cikin ɗari na wannan ciwo.

Gadon wannan bairos bai taka kara ya karya ba. Zobe ne na DNA mai haruffa wajen 8,000, ɗauke da ƙwayoyin gado 'yan kaɗan, kowace tana ba da umurnin haɗa furotin nata. Huɗu daga ciki, watau E1 da E2 da L1 da L2, ana samunsu a dukkan dangin. Na kifin da aka bayyana a 2016, mai haruffa ƙasa da 6,000, ba shi da E6 da E7, alamar cewa waɗannan biyu daga baya suka shigo. Su ne kuwa masu haɗari, gama E6 na lalata furotin p53, E7 kuma na ɗaure pRb, su biyun masu hana ƙwayar jiki rabuwa ba ƙa'ida.

To, wa ke riƙe da linzaminsu? A cikin zoben akwai wani yanki da ba ya haɗa furotin ko ɗaya, aikinsa shi ne tsara lokacin da za a karanta sauran. Furotin E2 kan zo ya zauna a kan wasu mazaunai na musamman a yankin, kuma a nan ne 'yan gida ɗaya suka raba hanya. Na shanu iri na 1 yana da mazaunai 17 a zobensa, galibi a wannan yanki, kuma E2 in ya hau su sai ya zuga karatu. Masu kama bakin mahaifa kuwa huɗu kacal gare su, biyu daga ciki daf da ƙofar da ake fara karanta E6 da E7. E2 in ya zauna nan, sai ya tare wa furotin na jikin mutum gurbin da suke bukata, karatu ya lafa.

Mai sauraro na iya zaton E2 ɗin ne ya sake hali. A 1987, a Cibiyar Pasteur ta Faris, Françoise Thierry da Moshe Yaniv suka haɗa E2 na shanu da yankin iri na 18, sai ga mai zuga ya koma mai dannewa. Ashe matsayin mazaunin shi ke yanke hukunci. Lalle wannan tsari ya dace da bairos mai son daɗewa a ɓoye, yana tura ƙwayar jiki gwargwadon bukatarsa ba tare da ya ta da garkuwar jiki ba.

Ɓarna na zuwa sa'ad da zoben ya tsinke ya manne cikin gadon mutum. Sau da yawa a kan E2 yake tsinkewa, linzami ya faɗi, E6 da E7 su yi ta sukuwa. Bairos ba ya cin ribar wannan, domin daga irin wannan ƙwaya ba ya sake fita ya kama wani.

Ƙwayoyin HeLa, da aka ɗebo daga sankarar wata mata a Baltimore a 1951, suna ɗauke da iri na 18 a manne haka. Cikin shekarun 1990 Daniel DiMaio da mutanensa a Jami'ar Yale suka sa musu E2 na shanu. E6 da E7 suka yi shiru, p53 ya dawo bakin aikinsa, ƙwayoyin da suka shekara fiye da 40 suna rabuwa suka tsaya.