Addinin Talaka Ba Na Gwamnati Ba Ne

'Yan'uwa talakawa, 'yan koli da 'yan tireda, mahauta da masu awo, maza da mata, mun gode da kuka rufe rumfunanku kuka zo. Maganar da za mu yi yau ita ce iyakar da doka ta yi wa Gwamnati a kan addinin mutum.

Tun farko ku sani, wannan doka ba haka kawai aka same ta ba. Dattawa ba su manta da zamanin En'e ba. A 1949, a lardin Sakkwato, hukuma ta sa aka rushe waɗansu masallatan 'yan Tijjaniyya, alhali kuwa masu rushewa da masu masallatan duk alƙibla ɗaya su ke duba. To, in Musulmi ya ga haka daga hukumar Musulmi, ina ga Kirista da Bamaguje?

Da mulkin kai ya matso, sai ƙananan kabilu suka yi ta kukan za a danne su. A 1957 Gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Henry Willink don ya ji kokensu. A 1958 ya kawo rahoto. Bai yarda a yanka sababbin jihohi ba, amma ya ba da shawara a rubuta hakkokin ɗan Adam cikin tsarin mulki, yadda mai mulki ba zai share su da bakinsa ba. Da haka suka shiga tsarin mulkin 1960, har suka iso na 1999 da mu ke aiki da shi.

Ku riƙe lambobi, don ranar gardama. Sashe na 10 ya hana Gwamnatin Tarayya da ta kowace jiha ta ɗauki wani addini ta ce shi ne na Gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa ikon ya bi addininsa, ya yi ibada shi kaɗai ko cikin jama'a, ya koyar, ya yi wa'azi, har ma ya sake addini in ya ga dama. Ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta karatu ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Sashe na 42 kuwa naku ne, 'yan kasuwa: ma'aikacin ƙaramar hukuma ba shi da iko ya hana ka rumfa ko lasin don ba masallaci ko coci ɗaya ku ke zuwa ba.

Wani zai ce ai takarda ce kawai. To, ku ji. Gwamnatin jihar Ikko ta hana 'yan mata sa hijabi a makarantunta. Aka kai ƙara. A 2014 Babban Kotu ya ba Gwamnati gaskiya. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ya soke wannan hukunci. Gwamnati ba ta haƙura ba, ta tafi Kotun Ƙoli, ran 17 ga Yuni 2022 alƙalai biyar cikin bakwai suka ce 'yan matan ne da gaskiya. Watau 'yan makaranta sun kā da Gwamnati sukutum, ko da ya ke shekara takwas aka yi tsakanin hukuncin farko da na ƙarshe, wanda kuwa jinkiri ne mai ciwo. Kada wanda ya ɗauka nasarar ta Musulmi ce kaɗai. Sashen da ya tsare mai hijabi a Ikko, shi ne dai ya tsare 'yar Kirista a makarantar Gwamnati a Kano.

Amma akwai ƙofar da masu mulki su kan bi, watau sashe na 45. Ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, lafiyar jama'a, tarbiyya, ko hakkin waɗansu. Nan ne mu ke so ku buɗe ido. Sai da doka rubutacciya a ke taƙaitawa, doka kuma wadda ta dace da mulkin jama'a. Fushin Gwamna a gidan rediyo ba doka ba ne. In an rufe masallaci ko coci, ko an hana malami wa'azi, ku tambaya: da wace doka, wane sashe?

Wanda aka taka wa hakki, ko ya ga ana shirin takawa, sashe na 46 ya ba shi ikon ya tafi Babban Kotun jihar da abin ya faru kai tsaye. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da agajin lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976. Ya tafi da takardar da aka ba shi, da kwanan wata, da shaidu.