Wasanmu yana baki, yaushe zai hau takarda?

(Jawabin da aka gabatar a Ɗan Issa gaban matasa masu wasan kwaikwayo da malaman lakwal)

 

An nemi in yi magana a kan sababbin wasannin kwaikwayo da ake bugawa a littafi. Kafin in fara rubutu sai na buɗe akwatin littattafaina, in ƙirga wasannin Hausa da ɗan Nijar ya rubuta, aka kuma buga su a Nijar. Ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran duk ta Jibiya suka shigo, ta wannan hanya da ta ratsa garinku.

Gwanaye kam mun yi su. Wanda ya yi wayo a zamanin Seyni Kountché ya san yadda Samariya ta cika ƙasar nan da wasa: kowace jaha tana shirya ƙungiyarta domin gasar bikin matasa na ƙasa, Muryar Sahel tana watsawa, daga baya telbijin ta karɓa. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram da ta Yazi Dogo a Yamai sun sha sa tuwo ya huce a akushi. Sai dai yawanci ga yadda ake aikin: a zauna a tsara ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, magana kuwa kowa ya zo da tasa a fili. Wannan ne ya ba wasan rai, domin ɗan wasa yana kallon idon jama'a yana sauya zance. Wannan ne kuma ya sa da an naɗe tabarmi wasan ya bi iska. Yau mai son sanin yadda aka yi waɗancan wasanni sai ya nemi littafin wata Ba'amurkiya, Janet Beik, wanda ya fito da Ingilishi a 1987.

Namu da suka riƙe alƙalami, mafi yawansu da Faransanci suka rubuta. André Salifou ya fitar da Tanimoune a Faris a 1973, tarihin Sarkin Damagaram Tanimun, sarkin da bai taɓa yin fadanci da Faransanci ba. Marigayi Alfred Dogbé, wanda ya kafa ƙungiyar Arène Théâtre a Yamai, ya rasu a 2012, har a Baljiyam an buga rubutunsa. Ina girmama su. Amma tsohuwar da ke saida fura a tashar nan ba ta cikin masu karatunsu.

Ƙetaren iyaka abin ya bi wata hanya. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa tun 1949. Shu'aibu Maƙarfi ya fara da rediyon Kaduna, sannan wasanninsa irin su Jatau Na Kyallu suka zama littafi. Umar Ɗanjuma Katsina ya buga Kulɓa Na Ɓarna a 1979, Ado Ahmad Gidan Dabino ya buga Malam Zalimu a 2009. Kada ku ce sun fi mu basira. Abin da suke da shi makaranta ce: ana koyar da Hausa, ana jarrabawa a kanta, ana sa wasan kwaikwayo cikin littattafan da dole ɗalibi ya karanta. Inda aka samu ɗalibai dubbai masu saye, maɗaba'a ba ta jiran a roƙe ta. Can ɗin ma, tun da fim ɗin Kano ya bunƙasa a shekarun 1990, marubuta da dama sun koma inda kuɗi yake.

A 2025 hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Madalla. To, ranar da malami zai tsaya gaban aji ya ce a buɗe wasan kwaikwayo, wanne za a buɗe?

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: maganar baki ana iya musunta ta, rubutu kuwa shaida ne, gobe ana iya ajiye shi gaban jandarma. Gaskiya ne, ba zan raina wannan tsoro ba. Ƴan wasan Samariya ma a ƙarƙashin idon hukuma suka yi aiki, da habaici da zaurance suka riƙa isar da saƙo. Amma ku dubi abin da shiru ya bar mana. Wasan da ake biyan kuɗinsa yanzu na furoje ne: rigakafi, tsabtar ruwa, sa ƴaƴa mata lakwal. Duk alheri ne, sai dai mai furoje ne ke zaɓen batu, shi ke faɗin yadda labari zai ƙare, ran da kuɗinsa suka ƙare kuma wasan ya mutu. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, nan cikin ƙasarku, mutum 18 aƙalla suka rasu. An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta a 2023, kun ga abin da ya sami direbobi da ƴan dako da mata masu abinci. Kun san gidajen da ƴan bindiga suka kore wa shanu. Babu furojen da zai ce ku yi wasa a kan waɗannan. In ba ku rubuta ba, wani zai zo daga nesa ya rubuta, ya sa muku maganar da ba taku ba a baki.

Ba na cewa ku bar yadda kuka saba. Ku yi wasanku a fili, amma wani ya ɗauka da salula. Bayan an yi shi sau uku ko huɗu, zance ya zauna, sai a zauna da malamin lakwal a kwafe shi a takarda, a yanke maimaici, a rubuta wurin shiga da fita na kowa. A bar shi da Hausar Maraɗi yadda aka faɗe ta, kada a wanke shi ya koma Kananci. A sa sunayen duk waɗanda suka ƙaga shi da shekarar, domin rigimar mai wasa da ba a rubuta ba ta raba ƙungiyoyi da yawa. Kwafi ɗaya ya zauna a lakwal, ɗaya a hannun shugaban ƙungiya, ɗaya a kai wa masu buga littattafan harsunan ƙasa a Yamai, irin su Gashingo.

Malamai, ga ku nan zaune, kwafewar a wuyanku take.  Mai tambaya ya miƙe.