Jawabi Kan Sauya Ma'ajiyar Kwamfutar Tafi-da-gidanka



Abin da ya tara mu a yau shi ne kukan da ake ta yi cewa kwamfutocinmu sun tsufa, sun yi nauyi, sai mutum ya kunna ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama tashi ba. Da yawa daga cikinmu sun yanke hukunci cewa sai an sayi sabuwa, alhali kuwa kuɗin makaranta ma da ƙyar ake haɗa shi. Mu a ganinmu, sau tari abu ɗaya ne ya gaza a cikin na'urar, watau faifan ajiya mai juyawa, wanda masu gyara ke kira HDD.

Asalin wannan faifai tsoho ne ƙwarai. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956, yana da faya-fayai 50 masu faɗin inci 24, amma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Na cikin kwamfutocinmu inci 2.5 ne, yawanci yana juyawa sau 5,400 a minti guda, kuma akwai ɗan hannu mai kai da komo a bisansa kamar allurar garmaho. Duk abin da kuka nema, sai hannun ya je wurin, sa'an nan ya jira faifan ya juyo. Nan ne lokaci ke salwanta. Daɗin daɗawa, abu mai motsi ba ya son girgiza, ga mu kuwa kullum da jaka a baya bisa babur.

Ita SSD ba ta da abin da ke motsi. Tana adana bayani ne a cikin ƙwayoyin lantarki irin waɗanda Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. Tsohon faifai yakan karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa. SSD mai mahaɗin SATA takan kai 550, mai NVMe kuwa ta haura 3,000. Sai dai lalle ne mu faɗi gaskiya: ba za ta ƙara wa na'ura RAM ba, kuma ba za ta warkar da mataccen batir ba.

Kafin ku kai kuɗinku kasuwa, ku fara sanin irin gurbin da kwamfutarku take da shi. Wata tana karɓar mai inci 2.5 ne kurum. Wata tana da gurbin M.2, ɗan siriri mai faɗin milimita 22 da tsawon 80 a galibi, kuma a nan ne ake yawan tafka asara, domin M.2 ɗin iri biyu ne, SATA da NVMe, sun yi kama a ido amma ba kowane gurbi ne ke karɓar duka biyun ba. Akwai ma kwamfutocin da aka manne ma'ajiyarsu da dalma, ba ta sauyuwa. Ku kuma yi hattara da mai arha fiye da kima, don akwai na jabu masu nuna girman da ba su da shi. Manhajar H2testw tana tona asirinsu.

Yanzu ga babbar magana, musamman ga 'yan ajin ƙarshe. Kada wanda ya taɓa sukurudireba sai ya kwafe kundin bincikensa zuwa wani wuri dabam, ya kuma buɗe kwafin ya tabbata yana karantuwa. In an kulle faifan da BitLocker, a rubuta mabuɗin ceto a takarda. Bayan haka a kashe na'ura, a zare caja, a cire batir ko a raba wayarsa. Mai son komai ya koma yadda yake sai ya kwafi faifan ɗungurungum da manhaja irin Clonezilla, wadda kyauta ce. Mu dai mun fi son a ɗora Windows ko Linux sabo fil, a bar tarkacen shekaru a baya.

Tsohon faifai yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ya yi ta ƙara yana ƙas-ƙas. SSD takan ɗauke ne shiru, kuma abin da aka goge a cikinta da wuya ƙwararre ma ya dawo da shi. Saboda haka kada ku sayar wa mai gyara tsohon faifanku, balle ma hotunanku da takardunku suna ciki. Ku saya masa ɗan gida mai wayar USB, ku riƙa zuba kwafin aikinku a ciki duk ƙarshen mako, ku ajiye shi a ɗaki, ba cikin jakar da kwamfutar take ba.