Mura a Ɗakin Sujada

Ya kai ɗan'uwa da ke zaune a Zango na Wagadugu. Ga hunturu ya shigo, ƙura ta rufe gari, tari kuwa ya cika ɗakin sujada har ba a jin mai wa'azi sosai.

Na san abin da ka ke faɗi a ranka. Ka ce, "In na fasa sujada saboda mura, ina bangaskiyata?" To, tuna da Matta sura 4. Sa'ad da Shaiɗan ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, ya so ya sa shi ya diro, wai mala'iku za su tare shi. Ubangiji ya ƙi, gama bai kamata a gwada Allah ba. Wanda ya zo taro da zazzaɓi yana cewa Allah zai tsare, shi ma gwaji ya ke yi, da jikin waɗansu kuma.

Murar nan ba ta raini ba ce. A shekara ta 1918 ta kashe mutane miliyoyi a duniya, Hausawa suka sa mata suna Marisuwa. A watan Maris na 2020 kuma, mutum biyu na fari da aka samu da korona a ƙasar nan daga babban taron addu'a suka komo, a Mulhouse ta Faransa. Masu bi ne, ba su kuwa san suna ɗauke da ita ba. Haka mura ta ke: ka kan ba wani tun kwana guda kafin kai ka ji ta. Kai mai ƙarfi za ka tashi bayan mako ɗaya. Tsohuwar da ke zaune gabanka fa? Da jariri, da mace mai ciki?

Saboda haka in jikinka da zafi, zauna gida ran Lahadi, ka buɗe Littafinka, Ubangiji yana nan wurin. Ku da kuka zo, ku buɗe tagogi ko da sanyi, a ajiye ruwa da sabulu bakin ƙofa. Mai atishawa ya rufe bakinsa da hankici. Gaisuwa da baki ta isa, ba sai an sha hannu ba. A Jibin Ubangiji, dattawa su ba kowa ƙaramin ƙoƙonsa.

Amma kada a manta da wanda ya zauna gida. Bayan sujada a aiki mutum biyu su tsaya daga bakin ƙofarsa, su yi addu'a tare da shi, su kai masa kunu mai zafi. In numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti ran nan.