Jawabin Shugaban Kwamitin Tallafin Karatu a Bikin Yaye Ɗalibai a Daura



Wakilin Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ja zamanin Sarki. Iyayenmu hakimai da dagatai, ranku ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyaye mata da kuka baro gida tun asubar fari, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, assalamu alaikum.

Tun da aka fara taron nan ake ta yaba wa kwamitinmu. Mun gode, amma a rage mana, don abin da muka yi ba ya wuce lissafi: kuɗin jarrabawar WAEC da NECO, littattafai, kayan makaranta, sai ɗan kuɗin mota. Duk a rubuce suke wajen ma'aji. Akwai kuwa wani tallafin da bai shiga littafinmu ba.

Cikin waɗannan ɗalibai akwai yarinyar da muka ɗauko daga wani ƙauye a ƙasar Baure, dab da iyakar Nijar, inda yashi ke tsayar da babur sai mahayi ya sauka ya tura. Ran da muka je, mahaifinta bai ce uffan a kan kuɗi ba. Shiru ya yi can, sannan ya ce, "To Malam, wa zai riƙa ɗebo mana ruwa?" Ita ce ke zuwa rijiya, ita ke kiwon awaki, ita ke taya uwarta surfen gero. Ban sami amsar ba shi ba, Allah ya sani. Uwar ce ta yi magana daga bayan zana, ta ce ta ɗauke. Shekara shida ke nan tana jan guga a madadin 'yarta, kuma ba a taɓa kiran sunanta a lasifika ba. Wannan baiwar Allah tana cikin rumfar nan. Ire-irenta suna nan birjik a Zango da Sandamu da Mai'aduwa.

Riƙon ɗan wani don ya yi karatu ba baƙo ba ne a Daura, garin Kusugu. Marigayi Muhammadu Buhari ya rasa mahaifinsa yana ƙarami, Waziri Alhasan ya riƙe shi, ya yi firamare a Daura da Mai'aduwa, ya wuce Midil ta Katsina a 1953. A wannan shekarar ce, can ƙasar Nefal, Tenzing Norgay ɗan ƙabilar Sherpa da Edmund Hillary suka fara taka ƙololuwar dutsen Everest. Tenzing, ko da yake sunansa ya fito duniya, bai iya karatu da rubutu ba. Hillary ya koma ya gina wa 'yan ƙabilar Sherpa makaranta a ƙauyen Khumjung a 1961. Su ƙanƙara da duwatsu suka nesanta su da allo, mu rairayi da rani. Abin da ya burge ni shi ne a ƙauyen ya kafa ta, bai kwashe yaran zuwa birni ba. Mu har yanzu kwasowa muke yi, kuma wannan gazawarmu ce.

'Ya'yana, yau a Daura akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri. Ƙofa a buɗe take, wanda ya ci jarrabawa ba za mu yar da shi a hanya ba. Roƙo ɗaya nake muku: in kun je hutu, kada wanda ya yatsine fuska don an ɗebo masa ruwa a ƙwarya. In damina ta kama ku a gida, ku ɗauki hauya.

Yanzu, da izinin wakilin Mai Martaba, za a kira ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka kira, ya taso tare da mahaifiyarsa ko wadda ta riƙe shi, a hannunta za a danƙa takardar.