Rini da Hasken Rana



Akwai wata farar hoda, titaniyam dayoksaid. Idan haske ya sauka a kanta, takan wargaza dattin da ke cikin ruwa. Amma hasken da ido ba ya gani kaɗai take kamawa. Sauran hasken rana, asara.

Nan rini ya shigo. A shafa mata rini, rinin ya kama hasken, ya miƙa mata ƙarfin. A 1991, wani masani mai suna Michael Grätzel ya nuna dabarar a Suwizaland wajen samar da lantarki. Har jan zoɓo da lalle an gwada.

Matsalar, jama'a, rini yana koɗewa a rana. Rini mai jure rana ake nema, kuma ina fatan jami'o'inmu su shiga neman.